Yadda Delbert Haskell Ya Ceci Tashar Jirgi

A garinmu Tolliver Bend, in ka ji murya tana tashi daga shagon abincin Verna tun kafin ka kashe mota, ba faɗa ake yi ba, Delbert Haskell ne yake ba da labarin kansa. Dillalin tsofaffin motoci ne da ya yi ritaya, sai dai bakinsa bai yi ritaya ba. A faɗarsa, ya taɓa sayar wa wani bawan Allah motar da ba ta da inji, mutumin ya dawo bayan mako yana godiya. Har yau ba a sami wanda ya ga mutumin nan ba. Abu ɗaya ne ya tsaya wa Delbert a rai: duk faɗin garin babu titi, babu benci, babu ko bishiya mai ɗauke da sunansa. Shekaru sun ja, gashi ya zube, kuma tsoronsa kada ya mutu a manta da shi tun furannin kan kabarinsa ba su bushe ba.

Ana nan sai labari ya zo daga babban birnin jiha. Gwamnati ta ware kuɗin gyaran tsofaffin gine-ginen tarihi da ke hannun garuruwa da ƙungiyoyin sa-kai, amma da sharaɗi: duk dalar da gari ya tara, jiha za ta ɗora tata dalar a kai. Ba ka kawo ba, ba a ba ka. Mu kuwa muna da tsohuwar tashar jirgin ƙasa a bakin kogi, ginin jan bulo, wadda jirgi ya daina tsayawa a cikinta tun Delbert yana yawo da gajeren wando. Rufin yana yoyo, tattabaru sun tare, amma komai na ciki yana nan yadda kakanni suka bar shi: bencinan katako, agogon bango, ƙararrawa, tagar sayar da tikiti mai ragar tagulla, da tagogi masu tsohon gilashin nan da in ka leƙa ta cikinsa sai ka ga mutum ya lanƙwashe.

Delbert ya banko ƙofar shagon da jarida a hannu.

"Jama'a, ku gode wa Allah da ya bar muku ni da rai!"

Verna Stubbs, mai shagon, wadda kuma ita ce ma'ajin ƙungiyar tarihin garin, ko ɗagowa ba ta yi ba daga zuba kofi. "Kullum muna godiya, Delbert. Yau kuma wa ka cuta?"

"Tashar nan zan ceta. Ni da na raba mutanen gundumar nan da kuɗinsu shekara da shekaru, tara rabin kuɗin gyara ne zai gagare ni? Ku ba ni wata uku, sai an zo daga birni ana ɗaukar hotonta."

Ƙungiyar tarihin mutum uku ce: Verna, da tsoho Wendell Krebs mai shanun madara, wanda kek ɗin tuffa ke kawo shi taro, da wata dattijuwa da ta koma wajen 'yarta tun bara. Delbert ya shiga ƙungiyar da safe, kafin rana ta take ya zama shugaba, domin lokacin da aka zo zaɓe Wendell yana gyangyaɗi, shi kuwa ya ce ai gyaɗa kai amincewa ce. Verna ta aika wa jiha takardar neman tallafi da hoton tashar. Shi kuwa shugaba, aikin da ya fara shi ne ba da kwangilar allon tagulla da za a kafa a ƙofar tasha ranar buɗewa, ɗauke da sunansa da fuskarsa. Da aka kawo, matarsa Marlys ta daɗe tana duban allon, ta dubi kansa.

"Del, gashin wa aka ara maka?"

"Tarihi ba ya son sanƙo," in ji shi.

Kamar yadda aka saba in gari zai tara kuɗi, aka kafa dogon allo a gaban ofishin magajin gari, aka zana ma'aunin zafi a jiki, duk abin da aka samu a shafa jan fenti ya hau. Ranar da ja ya kai ƙololuwa, rabon gari ya cika. Tun daga ranar Delbert ba ya wuce wurin ba tare da ya tsaya ya harari allon ba.

Dabararsa ta farko kalacin fanke ce a harabar coci. Kowane gari yana yin wannan lami lafiya, a soya ƙanana, a zuba zuma, kowa ya biya ya ci. Delbert ya ce shi fanken da ya fi kowanne girma a jihar zai soya. Ya sa aka ƙera masa farantin ƙarfe kamar ƙofar gareji, ya jera murhun gas a ƙarƙashi, ya zuba ƙullu da bokiti. Da lokacin juyawa ya yi, ya ɗauko shebur ɗin kwashe ƙanƙara.

"Ku ja da baya, yau za ku ga gwaninta!"

Aka kuwa gani. Rabin fanken ya tashi sama ya manne a rumfar tamfol, rabin ya sauka a kan takalman fasto, shebur ya ture murhu, rumfa ta kama. Sa'ar da aka yi 'yan kwana-kwana suna cikin masu jiran abinci. Suka kashe wutar, suka kashe yunwar kowa, don ba mai sha'awar ci bayan an yi masa wanka da mesa. Da aka biya kuɗin rumfa, abin da ya rage Verna ta je ta shafa a allo da burushin jan farcenta.

"Mafari ke nan," in ji Delbert, gira a ƙone.

Ta biyu caca ce ta sadaka. Wendell ya ba da maraƙi, aka yi ta yaba masa, ashe wanda ya addabi gonarsa da tunkuyi ne yake neman kai da shi. Aka sayar da tikiti, Delbert ya hau bayan mota ya yi jawabi a kan gaskiya da riƙon amana, aka ɗaure masa ido, ya zura hannu cikin ganga ya zaro. Sunansa ne a jiki. Wuri ya kaure da ihu. Yana sunkuyawa ya nuna musu babu maguɗi a gangar, maraƙi ya sami abin da yake so, ya aika shi ciki har kafaɗa. Dole aka mayar wa kowa kuɗinsa, aka kuma biya gyaran shingen da maraƙin ya bi ta kai. Washegari aka ga Verna a gaban allo da farin fenti.

"Ke Verna, me kike yi?"

"Saukar da zazzaɓi nake, Shugaba. Mara lafiya ya sami sauƙi."

Delbert ya kwana biyu ba ya cika baki, abin da ya sa Marlys ta fara tunanin kiran likita. Rana ta uku yana zaune a tashar ya yi tagumi, sai ga wani ɗan birni mai siririn gashin baki ya tsaya da motar kaya. Ya shafa benci ɗaya, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya tambaya ko na sayarwa ne. Nan take jinin dillanci ya motsa. Delbert ya faɗi kuɗin da shi kansa ya ji kunyar faɗa, mutumin ya biya ko tayi bai yi ba, ya loda benci, ya ja mota da gudu kamar wanda ake bi.

Da yamma ja ya hau taƙi guda a allo, bakin Delbert kuwa ya dawo har da riba.

"Na yi wa ɗan birni wankin babban bargo! Ruɓaɓɓen katako fa! Kuma tashar cike take da irinsa."

Marlys ta ajiye cokali. "Del, tsaya in gane. Kuɗin nan na adana kayan tarihi ne."

"Ƙwarai."

"Kai kuma kayan tarihin za ka sayar ka samo su."

"Ke matsalarki ba ki san kasuwa ba. Tarkace zan fitar, kuɗi su shigo, jiha ta ninka, mu zuba sababbi fil. Wace gwamnati ce za ta zuba dukiyarta a gini mai warin kashin tattabara? Sai an yi wa mota wanka ake kai ta gaban mai saye."

"To, Allah ya sa mai sayen makaho ne."

Ranar Asabar ya buga gwanjo. Mutanen garinmu kuwa, Allah ya shirye su, ba wanda bai san abin nan ba daidai ba ne, amma ba wanda bai zo da motar ɗaukar kaya ba. A nan ne kaɗai za a yi wa Delbert adalci: mutumin ya iya talla. Ya hau tebur da guduma, yana rantsuwa cewa kowane ƙusa a ɗakin nan ya fi zinariya, wanda ya saya jikokinsa za su yi masa addu'a. Fasto ya kwashe bencina, wai don kada su faɗa hannun da bai dace ba. Mai aski ya ɗauki agogo. Wendell ya sayi ƙararrawa don kiran shanu, ya haɗa da tagogi biyu don akurkin kajinsa. Verna ta tsaya a gefe ta harɗe hannu tana cewa wannan abin kunya ne, har aka zo kan tagar tikiti mai ragar tagulla, sai aka ga hannunta a sama.

"Ajiya zan yi wa gari," in ji ta, ba tare da an tambaye ta ba.

Asabar ta biyu aka sayar da ƙofofi, da katakon daɓe, da fitilu, da allon sunan gari. Ja ya haura ƙololuwa ya tsallake, har Delbert ya sa aka ƙara katako a sama don fenti ya sami wurin zuwa. Tashar kuwa ta koma kamar bakin tsohon da aka cire wa haƙora. Wannan bai dame shi ba. Ƙanin Marlys yana da ragowar kayan gini da suka ƙi sayuwa, Delbert ya karɓo bashi. Aka sa tagogin roba, da ƙofar gilashi mai rufe kanta, aka shimfiɗa ledar daɓe mai zanen furanni. Da ya ga jan bulon ya tsufa da yawa bai dace da sababbin tagogi ba, sai ya sa aka lulluɓe ginin gaba ɗaya da falankin roba fari tas.

Saura abu ɗaya. A bayan tashar akwai tsohon masai na katako, mai rami biyu, wanda ma'aikatan jirgi suka gina tun zamanin da aka gina tashar. Shi kaɗai ne ba wanda ya taya a gwanjo. Jiha ta aiko cewa jami'arta tana tafe ranar Laraba, Delbert kuwa ya ce ba zai yarda baƙuwa daga birni ta ga wannan abin kunya ba. Ya ɗaura masa sarƙa ya haɗa da bayan motarsa, mutane suka taru kallo.

"Mutanen dā ba da wasa suke gini ba fa, Delbert," in ji Wendell.

"Ni ma ba da wasa nake tuƙi ba, tsoho. Matsa."

Ya taka mota. Taya ta yi ƙara, hayaƙi ya tashi, wani abu ya ce ƙwaram, mota ta yi gaba. Delbert ya fito yana ɗaga hannu, sai ya ga masai yana nan daram, ƙarfen bayan motarsa ne kwance a ciyawa. Zuciya ta ɗebe shi, ya ruga ya kai wa bangon duka da ƙafa. Ashe rina sun yi shekaru da gida a ƙarƙashin rufin, kuma sarƙar ta riga ta ɓata musu rai. Yadda ya bi ta cikin gonar masara ya faɗa kogi, masu kallo suka ce ba su taɓa sanin yana da gudu haka ba. A ƙarshe dai ƙyallen maraba da baƙi aka samo, mai faɗin gaske, aka ɗaura tsakanin sanduna biyu aka kare masai ɗin.

Ranar Laraba gari ya fito kaf. 'Yan badujalar makaranta sun jeru, magajin gari ya sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita, allon tagulla yana jingine an rufe shi da jan ƙyalle. Delbert yana gaba, ido ɗaya a rufe, leɓe ya yi suntum, amma ƙirji a turo.

Jami'ar, Madam Lenora Whitlock, 'yar siririyar mata ce mai tabarau da takalmin tafiya. Ta riga ta tsaya a shagon Verna ta sha kofi har kofi uku, tana ta kallon ragar tagullar da ake miƙo mata canji ta ciki. Ta sauko daga mota da hoton tashar a hannu. Badujala ta ɓarke. Matar ta wuce Delbert, ta wuce magajin gari, ta wuce farin ginin, ta tsaya a bakin kogi tana waige-waige.

"Don Allah ina tashar take?"

Delbert ya sheƙo. "Ranki ya daɗe, ga ta nan kin wuce ta! Ni ne Haskell, shugaba. Kin ga ko ke ba ki gane ta ba, ko? Aiki ke nan!"

Ta dubi hoto, ta dubi gini. "Na ɗauka asibitin haƙori ne."

"Na gode. Tsabta ai ita ce gaba."

"Mista Haskell, ina tagogin?"

"Ga su, sababbi, ko sauro ba ya shiga."

"Na asalin nake tambaya."

"Suna... hannu nagari."

"Kajina ba su taɓa kuka da su ba," in ji Wendell.

Ta shiga ciki, jama'a suka bi ta. Ta tambayi bencina, fasto ya shiga duban silin. Ta tambayi agogo, mai aski ya tuna ya bar ruwa a wuta. Tagar tikiti ba ta tambaya ba, Verna kawai ta kalla ta saman tabarau, Verna ta sami abin gyarawa a igiyar takalminta, alhali silifa ne a ƙafarta. Da ta zo kan ƙararrawa, kafin kowa ya ƙirƙiro amsa, sai ga ƙararta tana tasowa daga tsallaken kogi, matar Wendell tana kiran shanu.

"Kin ji ta nan, lafiyarta ƙalau," in ji Delbert. "Kuma rabonmu ya cika har ya zuba, ki je ki ga allo. Dala a kan dala, haka kuka ce. Mun kawo tamu."

"Kun kawo," in ji ta a hankali. "Mu kuɗinmu na adana tsohon abu ne. Ka sayar da tsohon abun, ka kawo mini kuɗinsa in ninka maka, in adana me? Ledar daɓe? Ko da aikin kirki ka yi, abin da aka taɓa kafin mu amince ba ma biya. Na fi shekara goma ina wannan aiki, na ga ginin da gobara ta ci, na ga wanda ambaliya ta ci. Yau na fara ganin wanda ceto ya ci."

Sai dariya ta kufce wa wani mai busa ƙaho ta cikin ƙahon. Kowa ya juya ga Delbert. Ya buɗe baki, a karo na farko a rayuwarsa bai sami abin sayarwa ba.

Ana haka sai kofi ukun nan na shagon Verna suka fara aikinsu. Madam Whitlock ta sunkuya ta yi wa Marlys raɗa, Marlys ta dubi mijinta, ta nuna mata bayan ƙyallen maraba.

"Kada ki je can!" in ji Delbert. "Akwai rina!"

"Sun ƙare a kanka, Del," in ji Marlys.

Matar ta daɗe ba ta dawo ba, har aka fara tunanin ko ta faɗa. Sai ga ta ta yaye ƙyallen da hannunta, fuska kamar an yi mata albishir.

"Wa ya ɓoye wannan? Katakon asali, ƙusoshin maƙera, ma'aikatan jirgi sun sassaƙa sunayensu a bango! Irinsa bai fi a ƙirga da yatsu ba a jihar nan. Wa ya kula da shi haka ba a taɓa shi ba?"

"Shugaba ne," in ji Verna da sauri. "Jiya-jiyan nan ya gwada ƙarfinsa da mota."

Haka tallafin jiha ya zo garinmu, ɗan kaɗan, daidai gyaran rufin masai da ƙofarsa. Sauran kuɗin majalisar gari ta ce a bi gida-gida a fanso kayan tasha, a nan kuma aka gane mutanen Tolliver Bend sun fi Delbert iya kasuwa. Kowa ya ninka kuɗi, yana cewa ai shugaba da bakinsa ya rantse abin ya fi zinariya. Fasto ya ce zai yi addu'a a kai. Delbert ya ƙare bazara a kan tsani yana ɓamɓare falankin roba shi kaɗai, ƙanin matarsa yana tsaye a ƙasa yana tambayar yaushe za a biya shi.

Allon tagulla kuwa an riga an biya, ba a mayarwa, kuma doka ta ce gini da ya ci tallafi a kafa masa alama. Ranar da aka ɗaura shi a ƙofar masai, da fuskar Delbert da gashin aro, Wendell ne ya fara shiga, ya fito yana gyara bel ya ce ya gaisa da Delbert. Kafin kaka maganar ta bi gari. A shagon Verna mutum zai tashi daga tebur ya ce bari ya leƙa Delbert ya dawo. Likita yana tambayar marasa lafiya sau nawa suka je wajen Delbert tun jiya. Yaran makaranta da ba su taɓa ganinsa ba suna ɗaga hannu a aji suna matse ƙafa, suna kiran sunansa.

Wata safiya yana zaune a baranda ya haɗe rai, sai maƙwabciya ta wuce da ɗanta a hannu tana sauri, yaron yana kuka yana cewa Delbert, Delbert. Marlys ta ajiye masa kofi.

"Saki ranka, Del. Ka ce kana tsoron a manta da kai. Yanzu duk garin nan ba mai iya wuni bai tuna ka ba."